Kwalaben Ranar Alhamis

Litinin, 7:40 na safe

Yau kwana goma sha ɗaya da Yaya, babbar 'yar'uwarki, ta ɗauke ki daga asibiti ta wuce da ke gidanta. Ta ce in daina turo miki saƙo a waya, ba kya karantawa, ƙarar shigowarsu ma tayar miki da hankali take yi. Na daina. Shi ya sa na zaro wannan tsohon littafi daga durowarki, zan riƙa zuba surutuna a ciki, tunda takarda ba ta gajiya da mutum.

Na dawo aiki. Ɗakin gwaji yana nan yadda kika bar shi: farar rigarki a bayan ƙofa, kofin shayinki a bakin taga, da koren biron nan da ba kya yarda kowa ya taɓa. Shekara tara ke ce Dakta mai tsara gwaji, ni ne mai haɗa sinadarai da wanke kwalabe, shida daga cikin shekarun kuma ni ne mijinki. Kin sha cewa a gida ni ne shugaba, amma da mun taka matakalar sashenmu a jami'a mulki ya koma hannunki. Yau ba ni da mai ba ni umarni, kuma wallahi ban ji daɗin 'yancin ba.

Baba mai shara ya jingine tsintsiyarsa, ya riƙe hannuna da nasa biyu. Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne, ɗana. Ya jikin Dakta?" Na ce da sauƙi. Ban sani ba ko da sauƙin.

Talata, 11:15 na safe

Shugaban Sashe ya tare ni a matakala. Ya yi gaisuwarsa ta minti ɗaya, sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Masu mujalla sun ce sai mun ƙara gwaji guda kafin su buga aikinki, kuma saura sati biyar wa'adin ya cika.

"Ba wai ina matsa maka ba ne," in ji shi, "amma ka san aikin shekara huɗu ne."

Na ce na sani, ranka ya daɗe. Da ni aka yi shekara huɗun, shi kuwa ko hanyar firizarmu bai sani ba.

Na buɗe firizar. Akwati biyu ne na 'yan jakunkunan tantanin nan da muke tatsowa daga yis irin na burodi, waɗanda muke zuba wa sabon furotin mu ga ko zai shige jikinsu. Tsohon akwatin na bara ne, saura kwalba biyar a ciki. Su ne wutar lantarki ta tafi ta bari suka fara narkewa, kika ce sun mutu a zubar, ni kuma na ɓoye su saboda ba na iya zubar da abu. Sabon akwatin cike yake, kwalba arba'in. A murfin kowace akwai rubutuna, da kwanan watan ranar.

Na mayar da shi can ƙurya, na ɗauki tsohon.

Alhamis, 9:00 na safe

Alhamis. Ban shiga ɗakin sanyi ba, Baba na roƙa ya ɗebo min ƙanƙara.

Asabar, 5:30 na yamma

Na kai miki babban littafin gwaji gidan Yaya. Na ce ko da ba ki son ganina, wataƙila za ki so ganinsa. Tun kafin aurenmu haka muke yi: ke ki rubuta abin da za a yi a shafin dama da koren biro, ni in rubuta abin da ya fito a shafin hagu. Ai a gefen shafin nan na fara tambayarki ko kin ci abincin rana, kika rubuta, "Wannan ba ya cikin tsarin gwaji." Na haɗa miki da biron.

Yaya ta zaunar da ni a falo, ta kawo shayi. Ƙofar ɗakin da kike ba a rufe take ruf ba, an bar kamar faɗin tafin hannu.

"Barci take yi," in ji Yaya.

Na ce to.

Ta juya littafin a hannunta kamar mai duba ko ya nuna. "Ni fa Malam, har yau ban gane abin da kuke yi a ɗakin nan ba. Shekara nawa kuna leƙen abin da ido ba ya gani. In an tambaye ni sai in ce ƙanwata likita ce amma ba ta duba kowa."

Sai na ga dama ta samu. Na gyara zama, na ɗaga murya fiye da yadda falon yake bukata. Na ce mata jikin mutum duk 'yan ƙwayoyin halitta ne, kowace a lulluɓe da tantani na maiƙo, siriri ƙwarai, a cikinta ma akwai wasu tantanan. A jikin tantanin an dasa furotin iri-iri, su ne ƙofofin ƙwayar da kunnuwanta. Matsalar ita ce ba a cikin maiƙon ake yin su ba. A cikin ruwan ƙwayar ake saƙa su kamar dogon zare, alhali wani yanki na zaren ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, in aka bar shi sai ya dunƙule ya lalace. To yaya ake kai shi mazauninsa lafiya? Bakin zaren yana ɗauke da adireshi. Akwai wani da kike kira ɗan rakiya, shi yake karanta adireshin ya ja zaren zuwa wata ƙofa a jikin tantani. Zaren ya riƙa shiga, in an zo kan yankin nan mai son maiƙo sai ƙofar ta buɗe ta gefe, ya sulale cikin tantanin ya zauna.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Har da ƙofar gefe, kamar gidan mai kuɗi."

Daga nan na yi abin da na zo yi. Na ce, da ƙarfi, "Amma sai an gama saƙa zaren tsaf, an yanke shi, sannan ɗan rakiya yake zuwa."

Ƙarya ce, kin sani na sani. A irin furotin ɗinmu tun bakin zaren yana leƙowa ake cafke shi, a dakatar da masaƙar, a ja su gaba ɗaya zuwa ƙofa, a can a ƙarasa saƙar. Ɗalibin da ya rubuta miki abin da na faɗa, rabin makinsa ya tafi. Na taɓa ganin kin fito daga wanka da kumfa a kunne don ki gyara wa mai magana a rediyo irin wannan kuskure.

Na zuba wa ƙofar ido. Na shanye shayin har ya huce a bakina. Ba ki ce komai ba.

Litinin, 2:10 na rana

Na karɓo littafin da safe. Shafin dama fari fat.

Sakamakon kwalbar farko ya fito. Na bi tsarinki daki-daki: na haɗa sabon furotin da jakunkunan, na ba su lokaci, sannan na sakar musu kura, wato sinadarin nan mai cinye duk furotin da ya tarar a waje. Wanda ya riga ya shige tantani ya tsira, ya bar mana baƙin layi a hoto. Na ɗaga hoton a taga, na juya shi ta kowane ɓangare. Babu layi, kura ta cinye komai.

Na rubuta a shafin hagu: "Babu layi. Wataƙila na cika kura." Saura huɗu.

Laraba, 8:20 na safe

Abin da ya fi damuna a aikin nan shi ne narkar da kwalba. Ƙa'ida ce a riƙe ta a tafin hannu har ƙanƙarar ta saki, nan take a mayar da ita kan sanyi. Kullum ni kike miƙo wa, wai hannunki kamar na kifi yake, sai mu kwana ba ta narke ba. Kina miƙo min kina ci gaba da lissafinki ba tare da kin dube ni ba, ni kuma in tsaya riƙe da ita ina kallon ƙeyarki. Minti biyu ne kawai. Ban taɓa sanin a cikin yini duka su na fi so ba sai yanzu.

Na rage kura. Saura uku.

Alhamis, 9:00 na safe

Alhamis kuma.

Juma'a, 4:45 na yamma

Babu layi. Na kai littafin. Yaya ta ce kin ci rabin burodi da ƙwai, kin zauna a baranda na ɗan lokaci. Na tambaya ko kin ambace ni. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Malam, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ka ba ta lokaci." Ina da lokaci, Yaya, shi ne ma ya yi min yawa.

Lahadi, 10:30 na safe

Gidan nan ya yi min girma. Na lura na koyi wata tafiya: in zan wuce ƙofar ƙaramin ɗaki sai in karkata kafaɗa in dubi bangon da ke ɗaya gefen. Ragowar gwangwanin fentin yana nan a lungu, ruwan ƙwai, wanda muka yi sati muna gardama a kansa. Makullin yana cikin kofin da ke saman firji, ban taɓa shi ba.

Maƙwabciya ta ƙwanƙwasa. Ta kawo silifas ɗinki ƙafa ɗaya, ta ce jiya ta gan shi ƙarƙashin kujerar motarta da take shara, motar da ta kai ki asibiti. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu.

"Ni dai ban san abin da zan yi ba ranar, na ga jinin na rikice. Duk hanya wayar tana kunnenta, tana cewa yanzu zai ɗauka, yanzu zai fito."

Alheri ta yi nufi, Allah ya saka mata. Na yi godiya, na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa da silifas ɗin a cinyata. Ɗaya ƙafar tana ina? Wataƙila tana asibiti, wataƙila tana wurinki.

Talata, 1:00 na rana

Na canza zafin ruwa, na canza tsawon lokaci. Babu layi. Saura ɗaya.

Shugaban Sashe ya leƙo ya ce yaya ake ciki. Na ce ana kai. Ya ce madalla, ya tafi da murnarsa.

Laraba, 6:50 na safe

Baba ya same ni tsaye gaban firiza, ƙofarta a buɗe, tana ta kukan nan nata na a rufe ni. Ya miƙa hannu ya tura ƙofar. Ya ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba, amma kullum sai na gan ka a nan kana kallon akwatin can kamar akwai maciji a ciki. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

To bari in rubuta, sau ɗaya.

Kin tashi ranar Alhamis ɗin nan da ciwon baya. Na ce bari in zauna. Kika ce yis ɗin ya kai, in aka bar shi ya wuce sai an sake sati guda ana reno, kuma saura wata biyu cur kafin lokacin haihuwarki, ciwon baya ai ba sabon abu ba ne. Kika ce, "Je ka, kuma in ka shiga ɗakin sanyi kada ka fito sai ka gama. In suka ɗumama sun lalace, na san halinka da leƙen waya." Kina dariya kika faɗa, kina riƙe da ƙugu.

Waya ba ta kamawa a ɗakin sanyi. Na bar ta a aljihun rigata a jikin ƙusa. Awa biyar ina fasa yis, ina juyawa a inji, ina tacewa. Aikin ya yi kyau yadda bai taɓa yi ba. Na raba shi kwalba arba'in, na zauna na rubuta kwanan wata a kowane murfi, ɗaya bayan ɗaya, ban yi gaggawa ba. Har fito nake yi da baki. Wannan ne ba na iya mantawa, fiton.

Da na fito, kira tara.

Likita ya ce ko da na zo da wuri ba lalle ne wani abu ya canza ba. Ba lalle ba. Na auna kalmomin nan biyu fiye da duk abin da na taɓa aunawa a ɗakin nan. Da na isa gadonki kin juya fuska bango, har yau ban ga idonki ba. Ban ga laifinki ba, ni ma da zan iya da na juya wa kaina baya. Ina kewarki, Dakta. Ba na neman ki ce babu komai, ki dai yi min faɗa ko na minti ɗaya ne.

Alhamis, 9:00 na safe

Na narkar da ta ƙarshe a tsohon akwati.

Juma'a, 5:15 na yamma

Babu layi. Na rubuta, na kai littafin, ban ko zauna ba. Saura sati biyu da 'yan kwanaki wa'adin mujalla, kuma ba ni da sauran abin da zan narkar.

Litinin, 7:55 na safe

Akwai kore a shafin dama.

A mota na buɗe, a ƙofar gidan Yaya, na kasa tayar da injin. Rubutunki ya ɗan karkace, amma naki ne:

"Gwaji biyar, duk da jakunkunan bara. Na ga lambar akwatin a kowane shafi. Kurarka ba ta da laifi, zafin ruwa ba shi da laifi. Me ya hana ka taɓa sababbin?"

A ƙasa, da ƙananan haruffa:

"Kuma ba a jira a gama saƙa kafin ɗan rakiya ya zo. Kada ka ƙara koya wa Yaya shirme."

Ashe idonki biyu. Na yi dariya ni kaɗai har mai gadin layin ya leƙo, daga dariyar kuma abin ya juye ya zama wani abu dabam. Na ɗauki birona na rubuta a hagu, "Kin san abin da ya hana ni." Na koma na miƙa wa Yaya littafin. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta ce, "Ni dai na zama ɗan aike a gidana."

Talata, 3:00 na yamma

Shiru.

Laraba, 3:00 na yamma

Shiru. Wataƙila da na bar shafin fari ya fi.

Alhamis, 12:40 na rana

Ina wanke kwalabe da misalin tara da rabi na ji Baba a waje yana cewa, "Maraba da Dakta, maraba da 'yata." Na ɗauka kunnena ne. Sai ga ki a bakin ƙofa, littafin a ƙirjinki, Yaya a bayanki. Kin rame, rigar da ke jikinki ta Yaya ce. Yaya ta ce ita tana mota, warin ɗakin nan yana hawar mata kai.

Ba ki gaishe ni ba, ni ma na kasa. Kika ɗauki farar rigarki a bayan ƙofa kika saka, kika wuce firiza, kika tura hannu can ƙurya kika jawo akwatin. Kin daɗe kina kallon murafen.

"Ka ɗauka fushi nake da kai," kika ce, ba ki juyo ba.

Na ce, "Kira tara, Dakta."

"Ni na ce kada ka fito. Tun asuba nake jin ciwon ba irin na kullum ba ne. Na sani, na ce bari dai a gama da yis. Ka ce za ka zauna, na kore ka saboda kwalabe arba'in. Da wane ido zan dube ka?"

Wata guda ina zaton hukunci kike yi min, ashe ke ma a gaban alƙali kike tsaye. Na ce miki abin da likita ya ce. Kika ce ke ma ya faɗa miki, kuma ke ma kin auna "ba lalle ba" ɗin nan har kin gaji. Na ce to mu biyu ne muka yi, ni da na tafi da ke da kika ce in tafi, kuma babu wanda ya san gaibu a cikinmu. Ban san ko magana ce mai kyau ba, ita ce dai ta zo bakina.

Firizar ta fara kukanta. Kika tura ƙofar da gwiwa, kika zaro kwalba ɗaya, kika riƙe a tafinki. Muka tsaya. Minti ɗaya, biyu, ko alamar saki ba ta yi ba. Sai kika juyo, kika dube ni a ido, kika miƙo min.

"Karɓi, Malam. Hannunka ya fi ɗumi."

Na karɓa, ban saki yatsunki ba, ke ma ba ki janye ba. Haka ta narke a tsakaninmu, har sai da kika ce in mayar da ita kan ƙanƙara kafin in dafa ta.

Juma'a, 11:20 na safe

Akwai layi. Baƙi, mai kauri, daidai inda kika ce zai fito tun shekara huɗu da suka wuce. Furotin ya shiga, kura ba ta same shi ba. Jakunkunan ranar Alhamis su ne mafi kyau da na taɓa yi, kuma ban san yadda mutum zai yi da irin wannan labari ba.

Jiya kafin ki koma gidan Yaya kin yi rubutu a shafin dama, kika rufe littafin, kika ce kada in duba sai hoton ya fito. Yanzu na duba.

"A maimaita sau uku, saura kwalba talatin da tara, sun isa. Ka zo ƙarfe biyar da babbar jaka, kayana sun yi yawa a gidan Yaya. Silifas ɗina ƙafa ɗaya yana wurina. Makullin ƙaramin ɗaki ka bar shi inda yake, kada ka buɗe kai kaɗai. Tare za mu shiga."

A shafin hagu, wurin sakamako, na rubuta: "To, Dakta."